Gorar Tashin Masu Barci

Barci daga ƙafa yake farawa. Wannan ba maganar likita ba ce, maganar wani mai gyaran takalma ce da ya shekara talatin da ɗaya yana tashin masu barci a majami'arsu, kuma ba a taɓa samun wanda ya ƙaryata shi ba. Mai Gora ake kiransa, saboda doguwar gorar da yake riƙewa duk ranar Lahadi, wadda ya naɗa wa kanta fata mai laushi don kada a ce ya ji wa wani ciwo a ɗakin Ubangiji. Sunansa na gaskiya sai dai a takardar baftisma, ita ma tana can ƙasan akwatin matarsa.

Sauran masu kula da zaman jama'a kan mutum suke dubawa, shi ya sa, in ji shi, ake raina musu hankali. Kai ba abin yarda ba ne. Wani zai sunkuya ya ce addu'a yake yi, wani ya ƙwama baƙin tabarau ya ce ciwon ido ne, akwai ma wata mai sayar da yadi da ta ƙware wajen cewa amin cikin barci, a daidai inda ya kamata a ce. Amma ƙafa ba ta iya munafunci ba. Da zarar barci ya taɓa mutum dunduniyarsa za ta saki, ta zame daga cikin takalmi, yatsu su karkata waje, ɗaya gabas ɗaya yamma. Mai Gora daga bakin ƙofa yake hango wannan ta ƙarƙashin bencuna, tun kafin mai ƙafar ya san ya tafi.

A wurin kawunsa ya koyi sana'a, a wata rumfa da ke tsakanin shagon mai aski da kantin magani, daura da tashar mota. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake zaune a kan guntun benci, basilla a hannu, zare a baki, ido a ƙasa. Duniyar nan daga gwiwa zuwa ƙasa ya san ta. Yakan manta fuskar mutum, amma ba ya manta cewa dunduniyarsa ta hagu ce take fara cinyewa. Matar da ya aura ma takalminta ya fara so. Ta kawo silifa da maɗaurinsa ya tsinke, ya ga yadda ta yi ta lallaɓa shi da zare da fil kafin ta haƙura ta kawo, sai ya ce a ransa wannan ba za ta yar da mutum don ya tsufa ba. Ya gyara mata sama-sama da gangan, don ta dawo. Ta dawo har sau huɗu. A na biyar ta ajiye takalmin a gabansa ta ce in yana da magana ya faɗa, ta gaji da komawa gida da ƙafa ɗaya. Sun haifi 'ya'ya biyar, duk sun girma sun kama gabansu.

A rumfa gwani ne, amma a majami'a ya daɗe bai sami abin yi ba. Ya shiga ƙungiyar mawaƙa, bayan mako biyu shugabansu ya ja shi gefe ya gaya masa cewa Allah yana jin waƙar zuci ma, har ya fi jin ta sosai. Aka ba shi karatu a gaban jama'a, harshensa ya sarƙe, ya maimaita layi ɗaya sau uku ya sauko yana gumi. Aka ce to ya gwada ajin yara, yaran suka ɓoye masa hula. Abin ya ci masa rai ƙwarai, domin mutum ne mai ƙaunar Ubangiji da gaske, kuma yana gani kowa na da abin da yake kawowa sai shi. Ran nan ana cikin wa'azi ya matsa kusa da wani dattijon ikilisiya ya raɗa masa cewa mai jan takalmin nan na benci na uku ya tafi. Dattijon ya duba, ya ga mutum zaune tsaf, hannu a haɓa, fuska cike da nazari. Yana shirin cewa a daina yi wa bayin Allah sharri ke nan sai minshari ya tashi. Lahadin da ta biyo baya aka damƙa masa gora.

Tun daga ranar bai yi wasa da aikin ba. Ya sa wa takalminsa tafin roba don kada a ji tahowarsa. Ba ya dukan kowa, a faɗi gaskiya. Zuwa yake ya tsaya a kanka kawai, kuma mutane da yawa inuwarsa ma ta ishe su. In kai mai nauyin barci ne ya yi gyaran murya, in ka ƙi ya zura gorar ta ƙasan benci ya taɓa idon sawunka, sannan ya sunkuyo ya ce a hankali, “Ana magana da kai.” Ya faɗa wa lauya haka, ya faɗa wa shugaban mawaƙan da ya kore shi, ya faɗa wa wani baƙon mai wa'azi da ke zaune a gaba yana jiran a kira shi. Ya faɗa wa matarsa ma sau ɗaya, ta kwana uku tana ba shi abinci babu gishiri, ya cinye bai ce uffan ba, don a ganinsa wahala ce saboda aikin Ubangiji.

Wanda ya fi ba shi aiki shi ne mai gidan burodi, wani ƙaton mutum shiru-shiru da ke zama a ƙarshen benci na bakwai, jikin ginshiƙi. Kullum yakan shigo da ƙamshin burodi a jikinsa, ya rera waƙar farko da ƙarfinsa, amma da Fasto ya buɗe baki sai dunduniya ta fito. Shekara ashirin da biyu Mai Gora na taɓa idon sawun nan, sau biyu a kowace sujadar Lahadi, ranar da wa'azi ya yi tsawo sau uku. Mutumin bai taɓa yin fushi ba. Sai ya buɗe jajayen idanunsa ya ce, “Na gode, Baba,” ya gyara zama. Wannan godiyar ita ta fi ƙona wa Mai Gora rai, ya fi son a harare shi ya san saƙon ya isa. A ransa ya gama yanke hukunci cewa mutumin rago ne a sha'anin ruhaniya. Bai taɓa tambayarsa dalili ba, don shi tashi aka sa shi, ba tambaya ba.

Wanda bai iya godiya ba shi ne tsohon hedimasta. Ranar da gora ta taɓa shi, ya jira aka tashi, ya tare Mai Gora a harabar majami'a, ya ce shi ba barci yake ba, yana tauna maganar ne da ido a rufe, kamar yadda masu ilimi suke yi. Mai Gora ya ce to takalminsa na dama me ya kai shi ƙarƙashin bencin gaba, shi ma taunawa ya je yi? Jama'a suka kwashe da dariya. Hedimasta ya nuna shi da yatsa ya ce shi ma ɗan Adam ne, ranarsa na nan tafe. A nan ne Mai Gora ya yi abin da bai kamata mai hankali ya yi ba. Ya buga gindin gorarsa a ƙasa, a gaban maza da mata da yara, ya ce, “Ranar da aka kama ni ina barci a sujada, da hannuna zan ajiye gorar nan.” Aka tafa masa. Ya koma gida yana jin kansa, hedimasta kuwa ya riƙe maganar a ransa shekara tara, bai bar ko kalma ɗaya ta ɓace ba.

Sai aka zo aka sa fankoki. A taron da aka yi kafin a sa su, Mai Gora ya miƙe ya yi bayani cewa zafi abokin wa'azi ne, mutumin da gumi ke gangaro masa a baya ba ya samun sukunin barci, kuma duk wanda ya kawo iska cikin majami'a ya san abin da ya gayyato. Aka saurare shi cikin ladabi, aka ɗaga hannu, shi kaɗai ya ƙi. Aka rataya fankoki shida a daidai lokacin da zafin shekara ya kai maƙura. Lahadin farko ya tashi mutum arba'in da ɗaya, ya koma gida ƙafafunsa na zogi amma ransa fari, don maganarsa ta tabbata.

A Lahadi ta uku ne abin ya faru. Yana tsaye a wurinsa na bakin ƙofa, gora a hannu, iska na shafa masa ƙeya. Fastonsu matashi ne mai son jera wa'azinsa ɗaya bayan ɗaya. Mai Gora ya ji shi sarai ya ce abu na biyu. Maganar da ya ji bayan wannan ita ce abu na huɗu. Ya tsaya yana neman na ukun, ya ɗauka ko Fasto ne ya yi tsallake, sai ya sunkuyar da kai yadda ya saba. Dunduniyarsa ta dama tana waje, yatsunsa sun kalli bango.

Ya mayar da ƙafar wuf, ya waiga hagu da dama. Ba wanda ya gani. Amma shi ya gani, kuma a duk majami'ar ba idon da ya kai nasa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ba dariyar hedimasta kaɗai yake tsoro ba, ko da yake ita ma ba ƙaramar aba ba ce. Shekararsa sittin da takwas, ba ya waƙa, ba ya karatu, yara ba sa jin maganarsa. Gorar nan ita ce abu ɗaya tak da yake kawo wa Ubangiji. In ya ajiye ta, da me zai shigo, kuma a ina zai tsaya? Bai taɓa zama a kan bencin majami'ar nan ba tun da aka damƙa masa gora, bai ma san wane ne nasa ba.

Ya shiga yaƙi da barci a ɓoye. Ya sha baƙin shayi kofi uku kafin sujada, sakamakon da ya samu shi ne fita bayan gida sau huɗu. Ya gwada kai da komo a tsakiyar majami'a ba tsayawa, har Fasto ya dakata da wa'azi ya tambaya ko an yar da wani abu ne. Ya sa ɗan barkono a ƙarƙashin harshe, hawaye ya yi ta zuba, bayan an tashi matan ikilisiya uku suka zo suka yi masa barka da yadda maganar Allah ta ratsa shi. Ya amsa da kai kawai, bakin ba ya buɗuwa. Duk da haka a mako na gaba ya sake rasa abu na uku, har da rabin na huɗu.

Daga nan ya koma ga abin da ya iya. Ranar Asabar ya zauna a rumfa, ya ɗauko takalminsa na Lahadi, ya zaɓi 'yar ƙaramar ƙusa, ya buga ta ta ƙasan dunduniya yadda tsininta zai ɗan leƙo ciki kaɗan. Muddin yana tsaye cak, nauyinsa a kan yatsu, lafiya lau. Da jiki ya saki, ƙusa za ta yi magana. Aiki ne mai kyau, shi kansa ya yaba. Lahadi biyu dabarar ta yi amfani, sai dai a ta biyun ta soke shi da ƙarfi ana tsakiyar sanarwa, ya ƙwala “Halleluya!” a daidai lokacin da magatakarda ke cewa bayan gidan maza ya toshe. Wasu suka amsa da amin don kada ya ji kunya.

Matarsa ce ta gano. Tana wanki ta ga safarsa ta dama da 'yar huda da ɗigon jini, ta ɗauko takalmin ta zura hannu, ƙusa ta gaishe ta. Ta same shi a tsakar gida yana goge gora da mai, ta ajiye takalmin a gabansa kamar yadda ta ajiye silifa shekaru arba'in da suka wuce. Ya fara kame-kame, ya ce kuskuren aiki ne, ta ce tun da take da shi bai taɓa kuskuren ƙusa ba. Sai ya gaya mata komai, har da abu na uku.

“Baban yara, tsufa ne fa, ba zunubi ba,” ta ce. “Ka je ka gaya wa Fasto a ba ka kujera.”

“Mai gora ba ya zama.”

“To ajiye ta.”

“In na ajiye ta ni wane ne a wurin?”

Ta dube shi ta ga da gaske yake tambaya, sai ta fasa faɗan da ta shirya. Ta ce shi ne mutumin da ta aura, kuma ba ta ga gora a hannunsa ranar ba. Ya ce wannan maganar gida ce, ta majami'a daban. Ta ɗauke takalmin ta ɓoye. Da safe ya gano shi a cikin buhun shinkafa, ya kakkaɓe, ya sa.

Lahadin nan rana ta fito da fushinta, majami'a ta cika maƙil, fankoki shida na juyawa. Fasto ya sanar cewa yau abubuwa bakwai zai faɗa. Kafin a kai na biyu ƙusa ta soki Mai Gora sau biyar, dunduniyar ta kumbura, kowane taku sai ya cije leɓe. Ya hango ta ƙarƙashin bencuna, ga manyan ƙafafun nan na benci na bakwai sun baje. Ya ɗingisa ya je. Ya ɗaga gora ke nan sai ƙafar ta yi masa wani zogi har tsakar kai, ya ga ba zai iya ba sai ya gyara zaman safar. Akwai ɗan wuri a ƙarshen bencin, gefen mai gidan burodi. Ya ce a ransa ba zama zai yi ba, ɗosana jiki ne kawai. Ya ɗosana, ya jingina gora da gwiwarsa, ya zare takalmin. Daɗin da ƙafar ta ji ya hau har gadon bayansa. Fanka ta uku tana daidai kansa, jikin maƙwabcinsa kuwa ga ɗumi ga ƙamshin burodi. Ya ji Fasto ya ce abu na uku, har ya yi murna yau ya same shi.

Abin da ya biyo baya bai gani ba, matarsa ce ta ba shi labari daga baya, tana yi tana share hawayen dariya. Ta ce mai gidan burodi ya farka ne don ya ji nauyi a kafaɗarsa, ya buɗe baki zai ce na gode, sai ya ga kan Mai Gora kwance a jikinsa, baki a buɗe. Sannan minsharin ya fara, kamar ana jan benci a kan siminti. Kawuna suka juyo layi bayan layi. Fasto ya tsaya da hannu a sama. Can sai ga hedimasta ya miƙe daga benci na biyu, ya gyara rigarsa, ya taho a hankali yana murmushin da ya shekara tara yana tanadi. Ya miƙa hannu zai ɗauki gorar. Mai gidan burodi ya ɗora ƙaton hannunsa a kanta, ya dube shi, ya girgiza kai. Hedimasta ya tsaya yana kallon tsohon, ya ga safar da jini a dunduniya, ya ga takalmin a ƙasa da tsinin ƙusa a ciki. Murmushin ya gudu. Ya juya ga jama'a ya sa yatsa a baki, irin yadda yake yi wa 'yan aji.

Fasto ya kashe lasifika. Sauran abubuwa huɗun da raɗa ya faɗe su, kuma matar ta rantse ba a taɓa sauraron wa'azi irin na ranar ba, kowa ya miƙo wuya, ba wanda ya runtsa. Mawaƙa suka yi waƙar rufewa da baki a rufe, mai ganga ya rungume hannuwansa yana kaɗa kai kawai. Aka sa albarka da raɗa, aka amsa da raɗa. Matsalar ta taso ne wajen fita. Mai sayar da yadi ta yi taku biyu, tsinin takalminta ya yi ƙwas-ƙwas a kan siminti, mutum ɗari suka harare ta. Ta sunkuya ta tuɓe. Na bayanta ya tuɓe, na bayansa ma haka.

Shirun ne ya tashi Mai Gora. Ya buɗe ido, kansa a karkace, abin da ya fara gani ƙafafu ne suna wucewa a hankali, babu takalmi ko ɗaya. Ya ɗauka ya mutu ne an iso wuri mai tsarki inda ake tuɓe takalmi. Ya yi ƙoƙarin gane masu wucewar ya kasa, domin takalmansu ya sani, bai taɓa ganin ƙafafun ba. Dole ta sa ya ɗaga kai ya dubi fuskoki. Ga lauya, ga magatakarda, ga shugaban mawaƙa, kowa da takalminsa a hannu yana sanɗa. Ga hedimasta a ƙarshe, babban yatsansa ya leƙo ta hudar safa. Mai Gora ya jira dariyar, bai ji ta ba. Wata tsohuwa ma da ta ga idonsa biyu sai ta yi masa alama da hannu ya koma ya kwanta.

Kunya ta rufe shi, ya zabura ya zauna. A kafaɗar mai gidan burodi ga jiƙaƙƙen wuri nan inda bakinsa ya kwanta. Mutumin yana ta ƙoƙarin ɗaga hannun, hannun ya ƙi.

“Tun yaushe?” Mai Gora ya tambaya.

“Tun abu na uku, Baba.”

“Me ya sa ba ka tashe ni ba?”

“Na ga ka gaji ne.”

Mai Gora ya dubi jajayen idanun nan da ya shekara ashirin da biyu yana buɗewa da gora, sai yau ya ga cewa idanun mai gajiya ne. Ya yi ƙasa da murya ya tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi. Mutumin ya ce ɗaya da rabi na dare, don ranar Lahadi ma mutane na cin burodi, kuma daga bakin tanda yake wucewa nan, riga kawai yake sakewa. Mai Gora ya ce to me ya hana shi ya kwanta a gida ya huta.

“Na fi so in zo,” ya ce. “Ko barcin ne, na nan ya fi mini kwanciyar hankali. Ina jin kamar a gidan Babana nake.”

Hawayen da ya zubo wa Mai Gora wannan karon ba na barkono ba ne. Ya ce a yafe masa, mutumin ya ce shi bai ga laifi ba, ai da ba don gorar ba da bai taɓa jin ƙarshen wa'azi ba.

Fasto ya iso, shi ma takalmi a hannu, matar Mai Gora na biye da shi. Mai Gora ya miƙe da ƙafa ɗaya, ya ɗauki gorar da hannu biyu ya miƙa masa. Fasto ya ce ba wanda ya nemi ya ajiye, hedimasta ma ya ce shi bai ga komai ba, idonsa a rufe yake yana tauna magana. Fasto ya ƙara da cewa Ubangiji bai fara ƙaunarsa don idonsa biyu ba, yau da ya rufe su ma bai fasa ba. Mai Gora ya ce ya ji, kuma yau ne ya fara yarda da haka, amma da bakinsa ya yi alkawari. Ya sunkuya ya kwantar da gorar a ƙasa, a hankali. Hannuwansa suka rasa inda za su, ya sa su a aljihu, ya fitar, ya dubi bencunan nan da babu kowa a kai.

“To yanzu a ina zan riƙa zama?” ya tambaya.

Mai gidan burodi ya matsa jikin ginshiƙi, ya daddaɓa wurin da hannun da ke aiki.

“Ga wurinka nan, Baba. Sai dai mako mai zuwa da taka kafaɗar za mu yi, tawa ta mutu.”

Mai Gora ya dubi ƙaton kan mutumin, ya dubi 'yar kafaɗarsa, ya ce zai iya.